Cokali Ɗaya na Jinin Nusaiba

Mando, Kaduna
Janairu, 2024

Zuwa ga maigidana, Abban Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Maiduguri, ya kuma bayan nan naka da ke damunka in ka daɗe sunkuye kana gyaran jirgi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifinka Baba Malam da mutanen Unguwar Kanawa duk suna gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na sha ɗaukar waya in gaya maka wannan magana, amma kafin in gama shimfiɗa sai layi ya yanke, ko a kira ka bakin aiki. Da na ji abokin aikinka Saja Tukur zai biyo jirgin kaya zuwa wajenku, sai na ce gara in zauna in rubuta, ka karanta a natse.

Nusaiba tana nan yadda ka bar ta. Farfaɗiyar ba ta ragu ba. Makon jiya ta yi ɗan zazzaɓi, ka kuwa san da jikinta ya yi zafi shi ke nan. A tsakar gida farfaɗiyar ta kayar da ita, tana riƙe da kofin kunu. Ga ta ta cika shekara huɗu, amma kalmomin bakinta ba su fi yatsun hannu ba. Magani ba na yi mata fashinsa, safe da yamma.

Ranar da muka koma asibiti, likitan yara ya haɗa ni da wata mata, Dakta Nafisat. Ita ba duba marasa lafiya take yi ba, mai bincike ce. Ta yi karatu a waje ta dawo, suna da ɗakin gwaje-gwaje a Unguwar Rimi. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibaina a aji. Ta ce a cikin jinin kowa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Masu bincike sun gano yadda ake mayar da su baya, su koma kamar na farkon halitta, tun ba su zama fata ko ƙashi ko jini ba. Daga nan sai a bi da su sannu a hankali, ana ba su abincin da ya dace, har su dunƙule su zama ɗan naman ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gero. In ya girma ƙwarai, ya kai ƙwayar wake. Tunda daga jikin Nusaiba zai fito, abin da ke rikita ƙwaƙwalwarta yana iya bayyana a jikinsa. Sai a gwada magunguna a kansa, maimakon a yi ta gwada su a kan 'yarmu.

Abin da take nema jini ne cikin cokali ɗaya, da sa hannunmu ni da kai. Ba ta yi mini alkawarin waraka ba. Ta ce aikin zai ci watanni, kuma yana yiwuwa waɗanda za su amfana su zama yaran da ba a ma haifa ba tukuna. Wannan ne ya sa hankalina ya kwanta da ita. Ka san yawan waɗanda suka rantse mana cewa kwana bakwai ciwon zai tafi.

Ni dai na gamsu, amma ba zan motsa ba sai da yardarka. Takardar sa hannun tana cikin ambulan ɗin nan. Ka gaishe da abokan aiki.

Taka har kullum,
Maimuna

Mando, Kaduna
Fabrairu, 2024

Abban Nusaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki, da fatan sanyin can bai taɓa lafiyarka ba. Mu muna lafiya. Nusaiba ta karɓi 'yar tsanar da ka aiko, har barci take yi da ita.

Na ga amsarka. Ka ce ba ka yarda ba, domin shiga hurumin Allah ne a ƙera ƙwaƙwalwar mutum a cikin faranti. Na ji, kuma ban kai ta ko'ina ba. Amma tunda maganar addini ka kawo, sai na kai ta inda kai ma kake kai taka. Ranar Asabar na tafi Unguwar Kanawa, na jira Baba Malam ya sallami masu ɗaukar karatu a zaure, na durƙusa na zayyana masa komai, har da ƙin da ka yi.

Na zaci zai yanke hukunci daga kan buzunsa. Sai ya ce shi ba ya fatawa a kan abin da bai gani ba. Ranar Litinin ya sa farar rigarsa, muka hau keke napep har Unguwar Rimi.

Wurin wani gida ne mai katanga kamar sauran gidajen layin, sai dai rufinsa cike da faifan sola. Aka ba mu farar riga da hula da safar hannu, Baba Malam ya ɗora tasa a kan babbar riga. Dakta Nafisat ta buɗe wani akwati mai ɗumi, kamar injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji, ta fito da faranti mai ruwa ja-ja. A ciki wasu 'yan fararen ƙwayoyi ne ke yawo, na wasu yaran da iyayensu suka riga suka amince.

Baba ya duba ya daɗe, sannan ya fara tambaya. Zai iya zama mutum? Ta ce a'a, ba shi da zuciya, ba jijiyar jini, ba ido, ba kunne, kuma ba ya wuce girman da ta faɗa. Yana jin zafi? Ta ce iyakar abin da ilimi ya kai, babu alamar haka, amma masana suna sa ido a kan wannan tambaya, kuma abin da ba ta sani ba ba za ta ce ta sani ba. Sai ya ce, in kun gama da shi fa? Ta ce ana ƙone shi tare da sharar asibiti.

Nan ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, wannan ba halitta kuka yi ba, abin da Allah ya halitta kuke reno. Amma ɓangaren jikin ɗan'adam ne. Na jikata, in kun gama, ku ba ni in binne, kamar yadda ake binne mabiyiya." Ta ce ta ɗauki alkawari, bayan sun sa masa maganin da zai hana cutar da kowa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. A hanyar dawowa Baba ya ambaci ƙanenka Ila. Ni abin da na sani kawai shi ne ya rasu yana ƙarami. Ban san farfaɗiya ce ta kayar da shi a bakin rijiya ba, ban kuma san kai ne ka ruga ka kira mutane ba. Baba ya ce da a lokacin wani ya nemi cokali ɗaya na jinin Ila don a san ciwonsa, da ya ba da nasa ma duka.

Abban Nusaiba, ban ji haushin ɓoye mini ba. Amma ina ganin na gane abin da ke ranka. Kana tsoron a duba a ce ciwon daga jininka ya fito. Ni ban auri jininka ba don in tuhume shi. Ko an duba ko ba a duba ba, yarinyar nan tana faɗuwa. Ka sake tunani, don Allah. Na sa wata takardar a ciki.

Matarka mai ƙaunarka,
Maimuna

Mando, Kaduna
Yuli, 2024

Maigidana,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan ka koma lafiya, ka tarar da aiki lafiya. Gidan ya yi mana girma tun da ka tafi. Naman layyar da na soya maka, ka riƙa shanya shi, kada damina ta ɓata shi.

Har yanzu ina yi maka godiyar sa hannun da ka yi tun watan Maris. Na san bai zo maka da sauƙi ba. Shi ya sa ranar da muka je Unguwar Rimi bayan Sallah, ka ce mu shiga kai za ka jira a mota, ban matsa maka ba. Da muka fito ba ka tambaya ba. To, bari in gaya maka abin da ba ka gani ba.

'Yan naman ƙwaƙwalwar Nusaiba sun fito. A faranti ba su fi ƙwayar gero ba. Da Dakta ta sa ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai na ga wasu zobba-zobba a jikinsa kamar fure, da siraran zare suna miƙewa suna neman juna. Ta ce haka ƙwaƙwalwar jariri take fara shiri a cikin uwa. Na tuna lokacin da nake ɗauke da ita, ina jin motsinta ban san abin da ke gudana ba. Ban yi kuka ba, tasbihi na yi. Ita kuwa mai abin, ruwan jan ne ya ba ta sha'awa, ta miƙa hannu wai a ba ta ta sha.

Sai dai bayan tafiyarka abubuwa biyu sun faru, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na farko, fumfuna ta shiga farantan, suka lalace gaba ɗaya. Dakta Nafisat da kanta ta zo gida ta gaya mini, idonta ya yi ja. Aikin watanni ya tafi. Amma ba sai an sake ɗiban jini ba, domin ta daskarar da wasu daga ƙwayoyin farko a cikin ƙanƙara, daga nan za ta sake farawa. Ta cika alkawari, ta kawo waɗanda suka lalace a 'yar kwalba a rufe. Baba Malam ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya haƙa rami a gindin lemon bayan gidansa, ya binne. Bai yi musu salla ba, ya ce ba gawa ba ce.

Na biyu, ciwon ya buge Nusaiba bugu mai tsanani, irin wanda ba ya tsayawa da kansa. Muna tsaka da cin abincin rana. Maƙwabciyarmu ce ta kai mu asibiti, aka yi mata allura, muka kwana biyu. Yanzu ta warware, tana ci tana wasa. Ban gaya maka a waya ba sai da ta tashi, don na san ba izinin tahowa za a ba ka ba, zama kawai za ka yi da zullumi.

Wata daga cikin danginmu ta ce mini wai tun da aka taɓa jininta abin ya ƙaru. Na ce mata shekara uku ke nan yana ƙaruwa, ba wanda ya taɓa komai. Ni ban karaya ba, kai ma kada ka karaya. Wanda ya shuka gero tsuntsu ya tone, ai sake shuka yake yi.

Ka kula da kanka. Nusaiba tana nuna hotonka tana cewa Abba.

Taka,
Maimuna

Mando, Kaduna
Disamba, 2024

Abban Nusaiba, hasken gidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Ya haƙuri da mu? Saja Tukur ya ce ka rame, don haka na haɗo maka da dambun nama da yaji.

Albishirinka. Ƙwayoyin da aka sake renowa sun rayu, sun girma, har sun fara aiki. Dakta Nafisat ta kira ni watan jiya ta nuna mini. Ta ɗora ɗaya a kan wani ɗan faifai mai ƙananan wayoyi, wanda ke ɗaukar saƙon da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna, yana zana shi a fuskar kwamfuta. Na yaro mai lafiya, zanen yana tafiya a tsanake. Na Nusaiba kuwa yana cikin tafiya sai ya hargitse gaba ɗaya, ya yi ta tsalle, sannan ya lafa. Ina gani na gane shi. Abin da nake gani a jikinta ke nan a tsakar gida.

Sannan ta nuna mini abin da ya faru da suka ɗiga magunguna iri-iri. Da suka sa wanda muke ba ta safe da yamma, hargitsin ƙaruwa ya yi. Abban Nusaiba, ka ji fa. Da hannuna nake ba ta, ina lallashinta, wani lokaci har da toshe mata hanci. Dakta ta riƙe hannuna ta ce babu laifin kowa, magani ne mai kyau da ke taimakon yara da yawa masu farfaɗiya, irin ciwon Nusaiba ne bai jitu da shi ba.

Ta kuma ce ba za a canza wa yaro magani don abin da faranti ya nuna kaɗai ba. Sun aika da wani ɓangare na jinin waje an karanta ƙwayoyin gadonta, aka sami wani ɗan canji a wuri ɗaya, wanda likitoci suka riga suka san irin wannan magani yana tsananta shi. Shaidu biyu suka haɗu. Likitan yara ya duba duka, ya fara janye tsohon maganin kaɗan-kaɗan, yana sa wani.

Ba ta warke ba, kuma sun ce mu sa a ranmu ciwo ne na zama da shi. Amma an yi makonni ba ta faɗi ba, abin da rabonmu da gani tun tana goye. Idonta ya washe. Jiya ina wanke-wanke ta zo ta ja zanena ta ce, "Umma, ba ni ruwa." Kalma huɗu a jere. Na zuba mata, ta sha.

Saura magana ɗaya, kuma ka san ta. Don a gane inda canjin ya fito, ana bukatar jinin uwa da na uba. Na ba da nawa, an duba, babu shi. Na san yadda wannan zai sauka a zuciyarka, shi ya sa na zaɓi in gaya maka da kaina, ba ka ji a bakin likita ba. Dakta ta ce ba dole ba ne, maganin Nusaiba ba zai canza ba ko ka bayar ko ba ka bayar ba. Ni ma ba zan tilasta ka ba. Amma na gaji da ganin kana ɗauke da hukuncin da babu alƙalin da ya yanke shi. In ka zo hutun ƙarshen shekara, mu je tare. Duk abin da aka gani, a gida ɗaya za mu kwana.

Mai jiran zuwanka,
Maimuna

Mando, Kaduna
Fabrairu, 2025

Zuwa ga Abban Nusaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Allah ya kai mu azumin da ke tafe da rai da lafiya. Muna nan ƙalau. Nusaiba ta faɗi sau ɗaya da ta yi mura, amma bai daɗe ba ya sake ta.

Jiya na gaya maka sakamakon gwajin jininka a waya, sai layi ya yanke. Ban sake kira ba, na bar ka da Ubangijinka. Ga shi a rubuce, don ka karanta duk lokacin da zuciyarka ta nemi ta musa. Babu canjin a jininka. Babu a nawa. A jikin Nusaiba ya fara, tun tana ɗigon halitta, kuma Dakta ta ce a irin wannan ciwo haka ya fi faruwa. Ba ka ba ta komai ba sai suna da goshi.

Na je na gaya wa Baba Malam. Ya tambaya, to na Ila fa? Na ce Dakta ta ce ba za a iya sani ba, farfaɗiya iri-iri ce, mai yiwuwa nasa daban ne. Ya ce Allah ya jiƙan Ila. Sannan ya ce in gaya maka yana alfahari da ranar da ka naɗe hannun riga ka miƙa. Ni ma ban manta ba. Kai da ke kwance injin jirgi, sai ga ka ka kau da kai daga allura, Nusaiba tana shafa maka gwiwa tana cewa sannu.

Dakta Nafisat ta nemi izinin ci gaba da ajiye ƙwayoyin Nusaiba, su gwada sababbin magunguna, don an kawo mata wasu yara biyu masu irin alamunta, ɗaya daga Zariya. Na ce sai na ji daga gare ka, amma ka san inda ra'ayina yake.

Yanzu bari in taɓo abin da ni da kai ba mu taɓa furtawa ba. Shekara biyar Nusaiba ba ta da ƙani. Mutane suna cewa aikinka ne, mu ma muka bar su a haka. Ni na san dalili, kai ma ka sani. Na cire kunya na tambayi Dakta. Ta ce ba za ta ce babu haɗari ko kaɗan ba, amma ƙanƙani ne ƙwarai, kuma ko da ya faru, yanzu mun san sunan ciwon da maganin da za a guje wa tun ranar farko.

Na yi istihara, hankalina ya kwanta. An ce za a dawo da ku Mando bayan ƙaramar Sallah. Ɗakin nan na kusa da namu, wanda muka cika da kwalaye da tsofaffin takalmanka, na fara kwashe shi. In ka iso, kai za ka yi masa fenti.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maimuna